Kafin Ka Goge Hoton Namun Daji: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ɗaukar Hoto a Saudiyya

A cikin 'ya'yan Hausawa mazauna Jidda da Makka da Ɗa'if akwai waɗanda suka riƙi ɗaukar hoton tsuntsaye da dabbobin daji a matsayin abin sha'awa, wasu da kyamara mai dogon gilashi, wasu kuma da wayar hannu kawai. Yawancin tambayoyinsu kan sayen kayan aiki ne, alhali asarar da ta fi yi musu yawa takan faru ne bayan an riga an ɗauki hoton, a lokacin da yatsa ya hau maɓallin gogewa. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin wannan mataki kaɗai. Matsayar da za a tarar a cikin amsoshin ita ce a jinkirta hukunci har sai an ga hoton a babban allo, an kuma tambayi kai ko yana da wani amfani ban da kyan gani.

Me ya sa ake hana goge hoto a wurin ɗauka, alhali ina ganinsa a allon kyamara?

Domin abin da allon yake nuna maka bai kai a yanke hukunci a kansa ba. Allon bayan kyamara bai cika wuce inci 3 ba, kuma ɗigogin da ke cikinsa sukan kasance tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu, yayin da hoton kyamara mai megafiksel 24 yake da fiksel 6,000 a faɗi da 4,000 a tsaye. Ƙaramin tsuntsu da ya tsaya a kan reshe can nesa ba zai wuce girman ƙwayar wake a allon ba, don haka babu yadda za a yi ka san ko idonsa ya fito sarai ko bai fito ba sai ka zuƙo shi, kuma mutane ƙalilan ne suke da haƙurin zuƙo kowane hoto suna tsaye cikin rana.

Ranar kanta matsala ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Bahar Maliya a kudancin Jidda da hantsi ya san yadda allon yake komawa baƙi ƙirin, sai mutum ya kare shi da tafin hannu ko gefen rawani kafin ya ga inuwar abin da ya ɗauka. A irin wannan hali hoton da haskensa ya yi daidai yakan yi kama da mai duhu, da daddare kuma hoton da ya yi duhu yakan yi kama da mai haske saboda ƙarfin fitilar allon. Haka kuma idan kana ɗauka da tsarin RAW, wato fayil ɗin da ke ajiye ɗanyen bayanan hoto kafin a sarrafa su, abin da kyamara take nunawa ƙaramin kwafin JPEG ne, wato matsattsen hoto irin na yau da kullum, da ta ƙunsa a cikin fayil ɗin, kuma jadawalin haske da take zanawa daga wannan kwafin ta lissafa shi, don haka ainihin fayil ɗin yakan ƙunshi fiye da abin da kake gani.

Akwai kuma asarar lokaci. Dabba ba ta jiran mai hoto, kuma sau da yawa a daidai lokacin da kai ya sunkuya ana goge-goge ne zalɓe yake cafke kifi ko mikiya take tashi. A ƙarshe, a kyamarori da dama zaɓin goge hoto ɗaya da zaɓin goge duka suna maƙwabtaka da juna, kuma yatsan da ya jiƙe da gumi ba abin dogaro ba ne.

To kwana nawa ya kamata in jira kafin in fara tacewa?

Babu adadin da aka ƙayyade, amma ya fi kyau a raba aikin gida biyu. A ranar da aka dawo a kwafe komai a ajiye, a kuma yi kallon farko ba tare da goge ko ɗaya ba. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a dawo a yi hukunci. Dalilin jinkirin shi ne mutum yakan dawo daga daji da hoton da ya so ɗauka a cikin kansa, sai ya raina duk wanda bai yi kama da shi ba, ko kuma ya riƙe wani marar kyau don kawai ya sha wahalar hawan dutse kafin ya same shi. Idan kwanaki suka shuɗe duka biyun sukan lafa, ido ya ga abin da yake cikin hoton.

Hoton da ya fito dishi-dishi, wane amfani ya rage masa?

Sai an fara sanin abin da ya sa ya yi dishi-dishin, domin dalilan sun bambanta kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci kyamara takan kafa saitinta a kan reshe ko dutsen da ke bayan dabbar, sai a ga reshen ya fito tas, dabbar kuma ta narke. Irin wannan ba ya gyaruwa idan kuskuren ya yi yawa. Wani lokaci kuma hannu ne ya girgiza, alamarsa ita ce komai na cikin hoton ya ja gefe ɗaya. Na uku shi ne motsin dabbar kanta, inda jiki da kai suka fito amma fukafukai suka shafe, kuma wannan sau da yawa ƙarin kyau ne, domin yana nuna cewa tsuntsun tashi yake yi. Mai son tsayar da fiffike cak yana buƙatar ƙiftawar kyamara mai saurin 1/2000 na daƙiƙa ko fiye ga ƙananan tsuntsaye, amma hoton da aka ɗauka a 1/250 wanda ido ya fito a cikinsa bai cancanci shara ba.

A ƙasar nan akwai dalilai biyu da suka fi damun mu fiye da masu hoto na ƙasashen sanyi. Na farko shi ne rawar iska mai zafi da ke tashi daga yashi da kwalta da zarar rana ta ɗaga, irin wadda take haifar da kawalwalniya. Dogon gilashi yana tattaro wannan rawar gaba ɗaya, sai barewar da ke nesa ta fito kamar ana kallonta ta cikin ruwa. Abin lura shi ne rawar ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda haka a cikin hotuna goma da aka ɗauka a jere akan sami ɗaya ko biyu da suka faɗo a lokacin da iskar ta ɗan natsu. Wanda ya duba uku na farko ya ga sun lalace ya share sauran, ya share mai kyan tare da su. Na biyu shi ne raɓar da take kwanciya a gilashi idan aka fito da kyamara daga mota mai sanyin na'ura zuwa ɗumin Jidda ko Jizan. Hotunan mintunan farko sukan yi fari-fari kamar an ɗauke su cikin hazo, kuma da yawansu sukan farfaɗo idan aka ƙara musu kaifin bambancin haske da duhu a kwamfuta.

Ko da hoton ya ƙi gyaruwa, yana iya zama shaida cewa an ga wannan dabba a wannan wuri a wannan rana. Yana kuma ɗauke da darasi, domin kowane fayil yana ajiye bayanan saurin ƙiftawa da faɗin ƙofar haske da matakin ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, da aka yi amfani da su. Mai koyo da ya goge hotunansa marasa kyau kafin ya karanta waɗannan bayanai zai maimaita kuskuren a fita ta gaba.

Ina da hoto mai kyau na tsuntsu a tsaye. Me zan yi da sauran da ya juya baya ko ya buɗe fiffike a karkace?

Ka riƙe su har sai ka tabbatar da sunan tsuntsun. Saudiyya tana kan hanyar ƙaurar tsuntsaye tsakanin Asiya da Turai da Afirka, kuma da yawa daga cikin baƙin da suke ratsawa suna kama da juna matuƙa. Abin da ke raba su yakan kasance a wurin da hoto mai kyau ba ya nunawa, wato ƙarƙashin fiffike, ko saman wutsiya, ko tsawon ƙafa. Mikiyar da Larabawa suke kira uƙabus-suhub, wadda take zuwa daga filayen Kazakistan da Rasha ta yi hunturu a nan, kuma aka sanya ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2015, ana gane ƙaramarta ne da wani farin layi mai faɗi da ya ratsa ƙarƙashin fiffike. Idan tana zaune a kan turken lantarki ba za a ga layin ba. Hoton da ta miƙe za ta tashi, ko da kanta ya fita daga cikin hoton, shi ne zai raba gardama.

Haka tsuntsayen teku biyu masu duhun jiki da ake gani a tashoshin masunta na Bahar Maliya. Daga nesa kamar ɗaya suke, amma ɗayan, idan ya girma, yana da siririn baki ja da fararen layuka biyu a sama da ƙasan ido, ɗayan kuma bakinsa ya fi kauri, ya fi haske, da baƙi da ja a ƙarshensa. Masana da ke tantance rahotanni a eBird da iNaturalist, shafukan intanet da ake kai rahoton tsuntsaye da dabbobin da aka gani, sukan nemi ƙarin hotuna ta wasu fuskoki idan aka kawo rahoton tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, kuma amsar da ta fi ba da takaici ita ce a ce akwai su amma an goge.

A duba gefuna da bayan hoton ma. Mai hoto yakan kafa idonsa a kan tsuntsu ɗaya cikin garke, sai daga baya a babban allo a ga wani daban a kusurwa, wanda shi ne baƙon gaske a cikin taron.

Na ga wani abu kamar zobe a ƙafar tsuntsu a ɗaya daga hotunana. Yana da muhimmanci?

Ƙwarai kuwa. Masu bincike a ƙasashe da dama suna sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba, ko zoben roba mai launi da manyan haruffa da ake iya karantawa daga nesa, manyan tsuntsaye kamar mikiya kuma akan maƙala musu alama a fiffike. Zoben zagaye yake, don haka hoto ɗaya ba ya nuna lambar gaba ɗaya, sai dai wannan ya nuna haruffa biyu na farko, wancan ya nuna na ƙarshe bayan tsuntsun ya juya. Kada a goge ko ɗaya daga jerin sai an haɗa lambar, an rubuta launin zoben da na haruffan da ƙafar da yake kai. Ƙungiyar EURING, wadda take haɗa cibiyoyin sanya zobe na Turai, tana karɓar irin wannan rahoto ta intanet, kuma galibi akan mayar wa mai rahoto da bayanin inda aka sanya zoben da shekarar da aka sanya shi.

Kyamarata tana ɗaukar hotuna 20 a daƙiƙa ɗaya. Dukansu iri ɗaya ne, ta yaya zan zaɓa?

Iri ɗaya suke a ƙaramin allo kawai. Aikin yana kama da tsintar shinkafa a faifai, inda sai an baza ta an bi ta a hankali kafin a ga tsakuwar. A jera hotunan gefe da gefe a kwamfuta, a zuƙo kan dabbar zuwa cikakken girmansa, a fara da ido. Tsuntsaye suna da wata siririyar fata ta uku da take share ido daga gefe cikin ƙiftawa, kuma idan hoto ya faɗo a kanta sai idon ya fito fari-fari kamar na makaho, alhali hoton da ke biye da shi lafiya lau yake. Bayan ido sai a duba ɗigon hasken rana a cikin ƙwayar idon, da karkatar kai, da matsayin fiffike, da ko wata ciyawa ta gitta fuska.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne jerin da ke nuna hali. Biran da ke zama a gefen hanyar Hada tsakanin Makka da Ɗa'if misali ne na kusa. Babban namiji mai furfurar gashi a kafaɗa yana tafe da matansa, idan ɗaya ta yi nisa yakan bi ta da harara, in ta ƙi dawowa ya cije ta a ƙeya. Wannan duka yakan faru cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma babu hoto ɗaya da zai ba da labarin, sai an ga hararar da zaburar da dawowar a jere. Wanda ya zaɓi mafi kaifi ya zubar da sauran ya rage da hoton biri kawai. (Ba sai an jefa musu abinci ba kafin a sami irin wannan hoto, hukuma ma tana hana ciyar da su, domin shi ne yake jawo su cikin unguwanni.)

Idan dabbar tana tsaye ba ta yin komai, biyu ko uku daga cikin ashirin sun wadatar.

Hoton ya yi duhu sosai, wani kuma ya cika da ɗigo-ɗigo saboda na ɗaga ISO. Ba gara in goge ba?

Idan RAW ne, a'a. Fayil ɗin JPEG yana ajiye matakan haske 256 ne ga kowane launi, yayin da RAW mai bit 14 yake iya ajiye 16,384, saboda haka hoton kurege ko dila da aka ɗauka bayan sallar asuba kafin gari ya waye sosai yana iya ɗauke da gashi da ido a cikin duhun da ake zaton babu komai. Manhajojin rage ɗigo-ɗigo kuma sun ci gaba ƙwarai a 'yan shekarun nan. DxO ta fitar da PureRAW a 2021, Adobe kuma ta ƙara sabon tsarin rage ɗigo a manhajarta ta gyaran hoto, Lightroom, a 2023, kuma dukansu suna aiki a kan tsofaffin fayiloli. Waɗanda suka ajiye hotunan da suka raina shekaru goma da suka wuce sun ci moriyar wannan, waɗanda suka goge kuwa babu abin da za su saka a manhajar.

Hasken da ya ƙone shi ne ya fi wuyar magani. Mariri, wanda Larabawa suke kira maha, fari ne fat, kuma a ƙarƙashin ranar hamada bayansa yakan ƙone ya zama farin da babu gashi ko inuwa a cikinsa. RAW yakan dawo da kaɗan daga abin da ya ƙone, amma idan dukan launuka uku sun cika babu abin da zai dawo. Duk da haka a gwada ja da hasken baya a kwamfuta kafin a yanke ƙauna, musamman da yake ba kullum ake samun izinin shiga wuraren da yake ba. Dabba ce da ta ƙare a daji a 1972, aka dawo da ita ta hanyar kiwo, aka sake ta a Mahazat as-Said gabas da Ɗa'if da kuma Uruƙ Bani Ma'arid a bakin Rub'ul Khali, wurin da UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 2023.

Idan na sami hoton da nake alfahari da shi, me ya sa zan ajiye na gabansa da na bayansa?

Domin su ne shaidunka. Manyan gasanni suna neman ainihin fayil ɗin RAW daga duk wanda ya kai zagayen ƙarshe, wani lokaci har da hotunan da ke kewaye da shi. A gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa, an ƙwace wata lambar yabo ta 2017 a shekarar 2018, bayan masana sun yanke cewa dabbar nan mai cin tururuwa da aka nuna a wani gandun dajin Brazil gawa ce da aka cusa wa kaya aka busar. Daga cikin abubuwan da aka duba akwai hotunan da mai gasar ya ɗauka kafin wannan da bayansa, kuma dabbar ba ta bayyana a ko ɗaya ba. Yanzu da na'ura take iya ƙirƙiro hoton damisa a kan dutsen da ba ta taɓa takawa ba, jerin hotuna masu lambobi a jere da lokaci a jere shi ne hujja mafi sauƙi da mai gaskiya zai gabatar.

Akwai dabbobin da bai kamata a goge hotonsu ba ko yaya ya lalace?

Akwai, kuma damisar Larabawa ce a kan gaba. An ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a daji ba su kai 200 ba a dukan yankin, ana kiwonta a wata cibiya a Ɗa'if, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware mata ranar 10 ga Fabrairu. Tsarin ɗigogin jikin kowace damisa nata ne ita kaɗai, don haka ko hoton cinya ko wutsiya yana iya isa a gane ko wace ce. Haka hoton sawu a yashi, musamman idan an ajiye wani abu mai sanannen girma kamar makulli a gefensa. Sai kuma tsuntsun nan baƙi da fari mai doguwar wutsiya, ɗan dangin hankaka, da ake kira aƙ'aƙ na Asir, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsaunukan Asir wajejen Tanuma. Kura da kyarkeci da akuyar dutse ma duk sun cancanci a riƙe hotonsu.

Irin wannan hoto Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ya kamata a kai wa, tare da rana da wuri. Abin da bai kamata ba shi ne a watsa shi a Facebook ko TikTok da sunan kwarin da aka gan shi, domin ba masu kyamara kaɗai suke bibiyar irin wannan labari ba. Manhajar iNaturalist da kanta takan ɓoye ainihin wurin da aka ga dabbobin da ke cikin haɗari.

Ke nan ba a goge komai?

Ana gogewa, kuma wanda ba ya gogewa zai wayi gari da dubban hotunan da ba zai iya nemo ko ɗaya a cikinsu ba. Hoton ƙasa ko sama da yatsa ya danna bisa kuskure, da wanda dabbar ta riga ta fice aka bar reshe, da wanda ya yi baƙi ko fari gaba ɗaya, da maimaicin tattabara ko kurciya a tsaye wanda akwai mafi kyansa a jere ɗaya, duk waɗannan su tafi ba tare da shakka ba, da sharaɗin an gan su a babban allo.

Akwai nau'i ɗaya da ya kamata a fi saurin gogewa ko yankewa, wato hoton da iyalan mutane suka shigo ciki. Wuraren da ake samun birai da tsuntsaye a Shafa da Hada da Suda wuraren shaƙatawar iyali ne, kuma dogon gilashi yakan kamo fuskokin mata da yara a bayan dabba ba tare da mai hoton ya lura ba. Ban da abin da addini da tarbiyya suka hana, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar kyamarar waya da makamantanta. Wannan ma wani dalili ne na duba bayan hoto da kyau kafin a tura shi ko'ina.

Wurin ajiya fa? Katina yakan cika kafin azahar.

Fayil ɗin RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, don haka kati mai gigabait 128 yana ɗaukar sama da hotuna 4,000, ma'ajin waje mai terabait 2 kuma sama da 60,000. Kuɗin kati na biyu bai kai kuɗin man mota da masauki na tafiya ɗaya daga Jidda zuwa Abha ba. Wanda katinsa yake cika da wuri ya sayi wani, ya kuma rage danna maɓalli a kan dabbar da ke barci.

Wane tsari za a bi daga dawowa gida har zuwa gogewa?

A fara da kwafe katin gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a cikin folda mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri, sannan a sake kwafewa zuwa ma'ajin waje. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da gidan, ko a gidan ɗan'uwa ko a ma'ajin intanet. Sai an buɗe wasu hotuna daga kwafin an tabbatar suna buɗuwa kafin a yi wa katin fomatin, wato a share shi gaba ɗaya, kuma a cikin kyamarar za a yi shi.

A zagayen farko a bi hotunan da sauri ana sanya alama kawai. A Lightroom harafin P yana nuna wanda aka zaɓa, X kuma wanda aka ƙi, kuma hoton da aka yi wa X yana nan daram har sai an ba da umarnin share shi. A zagaye na biyu, bayan kwanakin da aka ambata, a buɗe waɗanda aka ƙi su kaɗai, a yi wa kowanne tambayoyi: shin an tabbatar da sunan dabbar, shin akwai zobe ko alama, shin akwai wani abu a gefe, shin yana cikin jerin da ke nuna hali, shin yana maƙwabtaka da hoton da za a kai gasa. Wanda ya tsallake duka waɗannan ba tare da ya riƙe ko ɗaya ba, a goge shi da kwanciyar hankali. Wanda aka yi shakka a kansa a tura shi wata folda ta jira, a waiwaye ta bayan wasu watanni.

Na riga na goge bisa kuskure. Akwai dabara?

Akwai fata idan aka daina amfani da katin nan take. Gogewa ta yau da kullum tana cire sunan fayil ne daga jerin da katin yake ajiyewa, ainihin bayanan kuma suna nan har sai sabon hoto ya hau kansu, saboda haka kowane hoto da aka ƙara ɗauka yana iya binne wanda ake nema. A cire katin, a sa shi a kwamfuta, a yi amfani da manhaja irin PhotoRec, wadda kyauta ce, ko Recuva, a kuma ajiye abin da aka ceto a wani wuri daban da katin. Idan an yi fomatin mai zurfi, ko kuma an goge daga ma'ajin SSD na cikin kwamfuta, wanda yakan share gurbin da kansa ba da daɗewa ba, damar ta ragu sosai.

Ni da waya kawai nake ɗauka. Wannan duka ya shafe ni?

Ya shafe ka, har da ƙari. A iPhone hoton da aka goge yakan zauna kwana 30 a wurin waɗanda aka goge kwanan nan, Google Photos ma yana da kwandon shara mai wa'adi, don haka a duba can tukuna. A lura kuma cewa idan wayar tana haɗe da ma'ajin intanet, gogewa a wuri ɗaya tana iya gogewa a ko'ina. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tura hoto ga abokai ta WhatsApp, sannan ya goge na asalin yana ganin ai yana can. WhatsApp yana matse hoton, yana kuma cire bayanan lokaci da wuri da ke cikinsa, sai fa idan an tura shi a matsayin takarda. Kwafin da aka matse ba ya jure zuƙowa, kuma lambar zobe ko layin fiffike su ne farkon abin da yake ɓacewa.

Mazauna Makka da Madina suna da ƙarin dalilin riƙe abin da suka samu, domin a cikin iyakokin Harami an hana firgita abin farauta, balle a kora tsuntsaye su tashi don a sake ɗaukar hoton da aka goge. Idan wayar ta cika, a kwafe hotunan zuwa kwamfuta ko ƙaramin ma'aji da waya ta USB, a buɗe su a can a tabbatar girmansu bai ragu ba, sannan a share na cikin wayar.